Esin motata ba ta yin sanyi sosai da rana idan na sa AUTO

Baban Ummi: Salamu alaikum. Motata 'yar Kwatano ce. Da safe ko da dare AUTO, wato maɓallin da ke sa esi ta daidaita sanyi da kanta, na aiki lafiya lau, amma da azahar, a zafin Kano na watan Afrilu, fanka sai ta riƙa busa a hankali kamar ba ta san ana rana ba. Mai esi ya auna gas, ya ce cike yake. Ina matsalar take?

Mai Wayarin: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka shimfiɗa kafet a kan dashbod? Kusa da gilashin gaba akwai wani ɗan baƙin ƙulli kamar maɓallin riga. Sensar hasken rana ce. In ka rufe ta, kwamfutar motar za ta ɗauka inuwa kake, sai ta rage sanyi.

Baban Ummi: Wallahi akwai kafet, mai gashi-gashi ma, uwargida ce ta saya. Amma ba na son rana ta tsattsaga min dashbod.

Mai Wayarin: To huda kafet ɗin daidai wurin ƙullin. Sannan duba gefen sitiyari, wajen gwiwarka, za ka ga 'yan tsagogi ƙanana. A bayansu sensar zafin cikin mota take, iska take zuƙa ta auna. Ƙurar hunturu na toshe ta. A busa mata iska a hankali, kar a zura waya.

Direban Zariya: Malam, ka kuma duba lambar zafin waje da motar ke nunawa, don AUTO na aiki da ita ma. Sensarta tana bayan bamba, gaban lagireto. Tawa wayarta ta tsinke bayan gyaran bodi, ta riƙa nuna min -40 a tsakiyar bazara.