Ciyaman ya ce asusu ba ko sisi, me za mu riƙe in mun koma?

Sakataren matasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan fanfon tuƙa-tuƙa na garinmu ya lalace. Mun je wurin ciyaman na ƙaramar hukumarmu, ya ce asusu ba ko sisi. To ni dai ina jin ana cewa Abuja na turo kuɗi duk wata. Jibi za mu koma, kuma ba na son mu je mu yi ta hayaniya ba hujja. A ba ni shawara.

Tsohon ma'aji: Wa alaikumus salam ɗana. Turowa kam ana turowa. Duk wata kwamitin rabon kuɗin tarayya, wato FAAC, yana zama a raba abin da ya shiga asusun tarayya. Gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Jihohi masu arzikin mai kuwa, tun kafin rabo ake cire musu kashi 13 na kuɗin man. Sai dai a zamaninmu kuɗin ba hannunmu suke faɗowa ba, asusun haɗin gwiwa na jiha suke sauka, wanda sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. A can ake yanke albashin malaman firamare da fansho da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Ragowar, wani watan albashi ma da ƙyar. Don haka wataƙila gaskiya ciyamanku ya faɗa, wataƙila kuma fakewa ya yi da guzuma ya harbi karsana.

Wata lauya: Baba, a ƙara da cewa ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma wadda kantoman riƙo ke jagoranta ba ta da kaso. Aiwatarwar ce ta yi ta tafiyar hawainiya.

Malamin firamare: Ni fa 'yancin nan na ƙananan hukumomi tsoro yake ba ni. Farkon shekarun 1990 da albashinmu ya koma hannun ciyamomi, mun ji a jikinmu.

Tsohon ma'aji: Malam, wannan ma magana ce, amma bari mu sallami yaron nan. Ɗana, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, tana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma a intanet. Buga na wata shida. Ku rubuta takarda, ku tafi da kansilanku da mai gari, ku tambaya: nawa aka turo, nawa ya iso, kuma gyaran fanfo yana cikin kasafin bana? A buga muku hatimi a kwafinku kafin ku fito.

Sakataren matasa: Allah ya saka da alheri Baba. Kansilan namu ma ya daina ɗaga waya, amma gobe da asuba zan tare shi a masallaci.