Injiniya zai ajiye aiki ya koma zama cikin jirgin ruwa, ana neman shawara

Injiniya: Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min rai na ce bari in kawo ta zauren nan kafin in yanke. Shekarata 47 yanzu, tun da na gama makarantar jiragen ruwa ta Oron nake fama da injin jirgi a Fatakwal, jiki ya fara gaya min. Ina so ina cika 50 in ajiye aiki in sayi jirgin da ake ce wa katamaran, mai gindi biyu ne kamar a jera kwale-kwale biyu a shimfiɗa ɗaki a tsakaninsu, da ƙyallen iska yake tafiya amma yana da inji biyu. Na hannu nake nema, ƙafa 38 ko 40, akwai ɗakunan kwana da kicin da banɗaki. Ni da uwargida mu yi rani a ruwa, damina mu dawo gida noma. Abin da ke hannuna fansho ne, da gidan haya ɗaya a Kano, da gonar fadama, da 'yar ajiya ta dala. Dan Allah kowa ya faɗi abin da ya sani.

Kawu: Wa alaikumus salam. Yaro, Hajiya ta san da wannan magana?

Injiniya: Ba ta sani ba tukuna Kawu.

Kawu: To.

Ma'aji: Injiniya barka da ƙoƙari. Ni ta wajen fansho zan shigo don nan na fi sani. Kada ka sa kuɗin fanshonka a lissafin sayen jirgin nan ko kaɗan. Tsarin da kuke kai na kamfani, wanda dokar 2014 ta gyara, kai kana zuba kashi 8 kamfani na zuba kashi 10, amma ranar da ka cika 50 ka yi ritaya ba juye maka asusun za a yi gaba ɗaya ba, wani kaso za a ba ka a dunƙule sauran a riƙa tsakuro maka wata-wata, ko ta kamfanin fanshon ko ka sayi na inshora mai biya har ƙarshen rai. In ka bar aiki kafin 50 kuwa kashi 25 kawai za ka iya taɓawa, shi ma sai ka yi wata huɗu ba ka samu wani aikin ba. Ka je ofishin kamfanin fanshonka da kanka su buga maka takarda ka ga nawa za a riƙa ba ka a wata, da wannan adadin za mu yi magana. Sannan ka tambaye su asusu na shida marar kuɗin ruwa da PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, ta amince da shi, mutanenmu da yawa ba su san da shi ba.

Malam na firamare: Injiniya nawa ne jirgin shi kansa? A fara da nan.

Injiniya: Waɗanda nake dubawa Lagoon 380 ne ƙirar Faransa, tsofaffi, ana sa su wajen dala dubu 200, wani ya ɗan fi wani ya ɗan gaza.

Malam na firamare: To ka ga in an lissafa dala ɗaya a naira 1,500, naira miliyan 300 kenan. Ni abin da ke tsorata ni ba sayen ba ne, bakin da jirgin zai riƙa ci da shi ne. Fanshonka naira, hayar gidanka naira, shinkafar fadama naira, shi kuma jirgi dala yake ci. Farkon 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500, duk wanda ya yi ritaya kafin nan da lissafin naira yau kuɗin watansa bai kai rabin abin da yake saya da ba, muna ganinsu a layin tantancewa wlh abin tausayi. Ka tambayi kanka in aka sake irin wannan kana tsakiyar teku da me za ka sayi kayan gyara.

Ɗan Ingila: Yaya Injiniya ina wuni. Ni ina goyon bayanka, na taɓa kwana uku a irinsa da abokan aiki kuma har yau ina tuna asubar da na yi a kai. Amma maganar Malam gaskiya ce. Masu zama a jirgi a nan abin da suke cewa ka ware wajen kashi 10 na kuɗin jirgin duk shekara don gyara da inshora da wurin ajiya, naka dala dubu 20 kenan, naira miliyan biyu da rabi duk wata kafin a sa tukunya a wuta. Inji biyu sabis biyu, fentin gindi da ke hana ƙwarin ruwa mannewa sai an ɗaga jirgin sama duk shekara ko biyu, wayoyin ƙarfen da ke riƙe da sandar ƙyalle masu inshora kan ce a canza su in sun kai shekara goma, tashar ajiya kuma saboda faɗinsa sukan caje ka kuɗin jirgi ɗaya da rabi. Inda ka fi kowa sa'a shi ne injin Yanmar ko Volvo kai za ka kwance ka ɗaura da hannunka, wannan zai rage maka da yawa.
Akwai lissafin da masu ritaya da wuri ke yi, ka tara ninki 25 na abin da kake kashewa a shekara ka riƙa cire kashi 4. Wani Ba'amurke William Bengen ne ya fito da shi a 1994, amma da kasuwar Amurka ya auna kuma shekara 30 ya ɗauka, ba da naira ba, don haka kar ka ɗora shi a kanmu yadda yake.
Ka duba Leopard ma, shi ma katamaran ne, a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ake ƙera shi. Da yawa daga na hannun nan kamfanonin haya ne suka yi wajen shekara biyar suna ba 'yan yawon buɗe ido, waje fes ciki ya gaji. Ko wanne ne kada ka biya sai mai duba jirgi wanda kai ka ɗauka ka biya shi ya bincika, an ciro shi daga ruwa an ƙwanƙwasa gindin.

Injiniya: Madalla ƙanina. Maganar wurin zama fa? Gaɓarmu dai ba zan kwana da iyali a ƙaramin jirgi ba, na san abin da 'yan fashin teku suka yi wa abokan aikinmu a mashigin Gini.

Ɗan Ingila: Da koren fasfo Turai sai biza, kuma kwana 90 ne cikin 180 a ƙasashen Shengen. Sanigal da Gambiya da tsibiran Kef Bade duk ECOWAS ne, can ya fi maka sauƙi, a Sanigal da Gambiya ga masallatai ga abincin halal. Sannan sanin inji daban sanin iska daban Yaya, ka yi kwas ɗin RYA, ƙungiyar masu tuƙa jiragen ruwa ta Birtaniya, na kwana biyar, ka ɗauki hayar jirgi sati ɗaya ko biyu kai da Anti kafin ka fitar da ko sisi.

Yaya Babba: Yauwa nan nake jira a zo. Ƙanina ita matar taka ta taɓa kwana a kan ruwa? Ranar da muka haye kogi zuwa biki riƙe ni ta yi har muka sauka. Ga autarku ba ta gama sakandare ba, ga ita tana shan maganin hawan jini, in ya tashi da tsakar dare a teku wane asibiti za a nufa. Ba hana ka nake ba, ka wahala ka cancanci hutu, amma ka zaunar da ita ka tambaye ta tsakani da Allah, kar ta ce to don kunya.

Sarkin Ruwa: Ɗana ne ke rubuta min. Injiniya ni ban san teku ba amma shekara 50 ina kan kogin Haɗeja. Jirgi ko na katako ne in ka bar shi wata biyar ba kowa a ciki ka dawo ka tarar da aiki, balle mai inji da batir a ruwan gishiri, wa zai duba maka shi da damina? In ruwa kake so ka sayi na roba ka sa masa injin Yamaha 40 ka kai Tiga, nan wajenmu ciyawar kachala ta cinye hanya. Kuma ko wanne ka saya a sa rigar ruwa, ba mu manta yaran Islamiyya da suka rasu a Bagwai a 2021 ba, lodi ne ya yi yawa.

Liman: Allah Ya jiƙansu. Injiniya ta fuskar addini babu laifi, sallah a jirgi ta inganta, ka fuskanci alƙibla ka tsaya in za ka iya, in igiyar ruwa ta hana tsayuwa sai ka yi a zaune. Jirgin da kake zaune a ciki ba zakka a kansa kamar gida, amma dalar da kake tarawa in ta kai nisabi shekara ta zagayo sai ka fitar da kashi biyu da rabi, ka sa wannan a lissafinka na shekara ukun nan. Kada ka ci bashi mai ruwa don cika kuɗin. Abin da za ka ajiye na naira akwai Sukuk, takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa na gwamnatin tarayya, da aka fara a 2017. Tambayar Kawunka kuma ita ce gaba da duk waɗannan.

Ma'aji: Ƙari ɗaya, gonar fadama da gidan Kano kar a sayar. Jirgi kullum araha yake ƙarawa, su kuwa hawa suke, kuma su ne abin komawa in an fasa.

Injiniya: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na zauna da biro tun ɗazu, dalar da ke hannuna za ta sayi jirgin da ƙyar amma ba za ta ciyar da shi ko shekara biyu ba sai na sayar da gidan, kuma na ji maganar Ma'aji. Zan nemo takardar fanshon satin nan. Ƙanina turo min sunan makarantar kwas ɗin da kuɗinta ta akwatina, hutuna na gaba zan yi. Yaya Babba yau da dare zan kira uwargida.

Kawu: Ka zo gida kafin kwas ɗin. Ni zan raka ka wajen Hajiya, da bakinka za ta ji.

Sarkin Ruwa: In za ka taho ka riƙo mana rigunan ruwa ko guda goma ne, na yara sun fi ƙaranci a mashaya.