Abokin aikina ya gayyace ni ralin jiragen ruwa zuwa tsibirin Wight, wa ya taɓa zuwa?

Dan_Fagge92

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen 'yan uwa da ke nan Ingila ko duk wanda ya san harkar teku. Ina Southampton, shekarata ta biyu kenan ina karatu, akwai wani dattijon Bature da muke aiki tare a ɗakin gwaje-gwaje, mutumin kirki ne wallahi, sai dai ba shi da hira sai ta jirginsa. Yana da ɗan jirgin ruwa mai filafilai irin wanda suke ce wa yot, tsawonsa ƙafa 34, a kogin Hamble yake ajiye shi. To jiya ya ce min kulob ɗinsu za su yi rali ƙarshen wata, jirage kamar 12 za su tashi ranar Asabar da safe zuwa Yarmouth a tsibirin Wight, a kwana can a dawo Lahadi, kuma akwai gurbin mutum ɗaya a jirginsa in ina so. Ni kuma don kunya na ce masa zan yi tunani.

Gaskiya ban ma gane mene ne ralin ba, tsere ne ko yawo? Don ni in tsere ne ba da ni ba. Sannan ban iya ruwa ba ko kaɗan, iyakar sanina da ruwa shi ne lokacin da makaranta ta kai mu dam ɗin Tiga muka tsaya daga nesa aka ɗauke mu hoto. Nawa mutum zai kashe? Yaya ake sallah a ciki? Kuma na san mutanen nan da kwalba, kar in je in zama saniyar ware. Hajiyata kuwa ban ma gaya mata ba tukuna.

Bakatsine_Portsmouth

Wa alaikumus salam. Ƙanina ka je kawai, ka samu abin da wasu ke biyan kuɗi su yi. Ni shekara 6 kenan ina bin jiragen mutane a wannan ruwan na Solent, wato mashigin tekun da ke tsakanin tsibirin Wight da gaɓar kudancin Ingila, ba tare da na mallaki ko kwale-kwale ba, kullum masu jirgi suna neman hannu.

Ba tsere ba ne. Tsere daban yake, irin su Cowes Week da ake yi tun 1826, ko wanda ake zagaye tsibirin gaba ɗaya a yini guda, mil 50 na teku, jirage ɗaruruwa, can ne ake ihu ana zare ido. Rali kuwa ka ɗauke shi kamar ayarin fatake. Akwai madugu, wato wanda kulob ya ɗora wa shirya tafiyar, shi zai kama wa kowa wurin ɗaure jirgi a zango, ya duba yanayin iska, ya faɗi lokacin tashi. Daga nan kowa ya kama hanyarsa da saurinsa, ana jin juna ta rediyo, a haɗu a can da yamma a ci abinci tare. Wanda ya riga isa babu kofin da za a ba shi, sai dai ya tsaya ya kama wa na baya igiya.

Daga Hamble zuwa Yarmouth bai wuce mil 15 na teku ba, kuma mil ɗin teku ya fi wanda ka sani, kilomita 1.852 ne. Irin jirgin mutumin naka yana yin mil 5 ko 6 a awa, ka ga kamar awa uku kenan in kun bi ruwa. Wannan bin ruwan shi ne duk ilimin wurin, tekun yana cika yana janyewa sau biyu a rana, in yana janyewa ruwan Solent yamma yake gudu ya kai ku Yarmouth a sauƙaƙe, in kuka makara ya juyo muku za ku ga jirgi yana ta fama amma bishiyar da ke gaɓa tana nan kusa da ku ba ta matsa ba. Shi ya sa in ya ce ƙarfe 7 ake kwance igiya to ƙarfe 7 ɗin yake nufi, ba lokacin ɗaurin aure ba ne.

Abin da nake so ka cire a ranka shi ne hoton nan na attajirai kwance da tabarau ana kawo musu lemo. Aiki za ka yi. Za ka ja igiya, za ka murɗa winci, wato abin ɗaure igiyar filafili ta yi tauri, har kafaɗarka ta gaya maka, za ka rataya balan-balan ɗin roba a gefen jirgi kafin a shiga marina, wato tashar da ake ɗaure ƙananan jirage, za ka wanke kofuna. Abu uku ka kiyaye. Akwai wani dogon ƙarfe a ƙasan babban filafili, bum sunansa, in jirgi zai juya yana sharowa daga wannan gefe zuwa wancan, da ka ji kyaftin ya yi magana ka duƙa kawai kar ka tsaya tambaya. Na biyu kar ka taɓa sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da bango don ka tare shi, abu ne mai nauyin tan biyar ko shida. Na uku banɗaki. Ni a tafiyata ta farko na jefa tishu mai yawa a ciki, bututun ya toshe, mai jirgin da kansa ya tsuguna da sukudireba yana kwance famfon a gabana yana cewa ba komai ba komai, ni kuma ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige, ga shi ba ƙasar ma a kusa. Ka ce ya nuna maka yadda ake buga famfon tun kuna gaɓa.

Kuɗi ba wani abu ba ne, ana raba kuɗin kwanan jirgi a marina da na mai da na abinci tsakanin waɗanda ke ciki, wasu masu jirgin ma ba sa karɓa daga ɗalibi, amma ka yi tayi. Biza babu ruwanka da ita, Wight Ingila ce. Ranar da suka ce maka Cherbourg kuwa ka dakata, wannan Faransa ce, mil 60 da wani abu, awa 12 zuwa 14 ana ratsa hanyar manyan jirage, kuma da koren fasfo sai da bizar Shengen.

Malam_Garba_Yauri

Hmm. Yaro ruwa fa ba sa'an kwando ba ne. Ni a bakin kogi aka haife ni, kuma na ga abin da ruwa ya yi wa waɗanda suka iya shi ma balle kai da ka ce daga nesa ka hango Tiga. Ba mu manta da jirgin da ya kife a Warra a 2021 ba, ku ma can Kano a shekarar aka yi na Bagwai, yara 'yan Islamiyya, Allah ya ji ƙansu. Karatu aka tura ka, me ya kai ka tsakiyar teku da tsofaffin Turawa? In ma za ka je, to kar ka kuskura ka je ba da sanin mahaifiyarka ba. Ni iyakar tawa kenan.

Bakatsine_Portsmouth

Baba Malam maganarka gaskiya ce, amin ya Allah. Sai dai abin da yake cin mutanenmu a gida lodi ne fiye da kima da tsohon jirgi da rashin rigar ruwa. Nan mutum huɗu ne ko biyar a jirgi, kowa da rigar da take kumbura da kanta in ta taɓa ruwa, ga rediyo a tasha ta 16 masu gadin teku suna saurare dare da rana, ga 'yan sa-kai na RNLI, ƙungiyar ceton mutane a teku, da tashoshinsu a Yarmouth da Lymington da Cowes. Kuma a ruwan nan ba iya iyo ne ke ceton mutum ba, sanyi ne matsalar, ko a watan Agusta ruwan yana da sanyi, gwanin iyo ma in ya faɗa numfashinsa sarƙewa yake. Shi ya sa dokar ita ce kar ka faɗa ɗin, hannu ɗaya na aiki ɗaya na riƙe da jirgi. Amma Dan_Fagge ka gaya wa mutumin ƙarara cewa ba ka iya ruwa ba, kar kunya ta hana ka. Batun Hajiya kuwa ina bayan Malam.

Sani_LasPalmas

Ku naku ma wasan yara ne lol. Ku zo nan Las Palmas a watan Nuwamba ku ga uban rali. ARC ake ce masa, wani ɗan asalin Romaniya mai suna Jimmy Cornell ne ya fara shi a 1986, jirage suna taruwa a nan tsibiran Kanari su tsallaka Atilantika gaba ɗaya zuwa Saint Lucia a yankin Karibiyan, mil 2,700 na teku, yawanci kwana 18 zuwa 21 ba ka ganin komai sai ruwa da sama. Akwai wani reshensa da ke tashi kafin babban, su kan yada zango a Mindelo ta ƙasar Cape Verde kafin su miƙa. Dalilin da ya sa sai ƙarshen Nuwamba shi ne lokacin guguwar can yana ƙarewa, kuma iskar da ke kaɗawa daga gabas ta zauna sosai, ita ce ke tura su ta baya har su isa.

Ina aiki a wani shagon kayan abinci kusa da marina, satin tashinsu ba ma zama. Za ka ga mata da miji da 'ya'yansu ƙanana sun zo sun sayi buhun dankali da albasa da lemo da koren tumatir wanda zai nuna a hanya, a kai musu har bakin jirgi, su zauna a kan dakali suna wanke kowane ɗaya suna shanyawa, kwali ko ɗaya ba ya shiga jirgi wai kyankyaso yana ƙwai a ciki. Sai a rataya kayan a raga kamar yadda ake rataye ƙwarya a ragaya a ɗakin tsohuwa. Ga samari 'yan jakar goyo suna yawo suna manna takarda a bango suna neman jirgin da zai ɗauke su kyauta su yi aiki. Kuma kafin a bar jirgi ya tashi sai masu shirya abin sun shiga sun duba kayan ceto ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke taɓa min zuciya kawai, tekun nan dai shi ne wanda 'yan uwanmu ke shigowa ta cikinsa daga Senegal da Muritaniya a kwale-kwalen kamun kifi, mutum ɗari a cunkushe ba riga ba rediyo, wasu su iso El Hierro, ɗaya daga cikin tsibiran nan na Kanari, wasu ruwa ya wuce da su. Ranar tashin ARC ana kiɗa ana ɗaga tutoci mutane cike da gaɓa suna ɗaga hannu, ni dai ina kallo ina jin daɗi amma wancan tunanin ba ya barina.

Kai dai je ka yi na kwana ɗayan ka gani ko cikinka zai ɗauka.

Anti_Bilki

Ƙanina ni na je irin wannan sau biyu da maigidana, bari in amsa maka na sallah da abinci tunda mazan sun tsaya labarin igiya. Tafiyar awa uku ce, in kun tashi da safe kafin azahar ta fita kun isa, sai ka yi sallarka a tsaye a kan dakalin marina ko ka samu gefe a gari, ba ma sai ka yi a cikin jirgi yana tangaɗi ba. Asuba ce za ta same ka a ciki, kuma a ɗaure yake ba ya motsi sosai. Alƙibla daga nan wajen digiri 117 ce, ga kamfas nan ƙato a gaban sitiyari, ka ce ya nuna maka, daɗi ma za su ji an tambaye su. Ka tafi da 'yar butarka ko gorar ruwa, ka yi tattalin ruwan tanki.

Kwalba kam akwai ta, da an ɗaure jirage za ka ga an fito da ita a kan dakali kowa da ɗan abin taɓawa, amma ba wanda ya taɓa matsa mana, ka ce ba ka sha shikenan za a miƙo maka lemo ko shayi, shayi kuwa kamar a gidan Buzaye ba ya yankewa. Wajen cin abincin dare ka zaɓi kifi ka huta. Ni dambun nama na kai musu a karo na biyu, wata tsohuwa har da tambayar yadda ake yi tana rubutawa.

Don jiri, ka sha ƙwayar maganin Stugeron kamar awa biyu kafin tashi, yana ɗan sa barci, ka riƙe citta a aljihu, kar ka tafi da yunwa kuma kar ka sauka ciki kana danna waya, ka zauna a waje kana kallon nesa inda ruwa ya haɗu da sama. In ya zo maka duk da haka ka juya inda iska ke tafiya, ba inda take fitowa ba, kar ka tambaye ni yadda aka yi na sani.

Sannan a Yarmouth sau da yawa jirage jere ake ɗaure su, wannan a jikin wannan, sai ka taka na mutane kafin ka kai gaɓa. Ta gaban jirginsu ake bi a hankali, ba ta baya inda suke zaune ba, kamar dai ratsa tsakar gidan mutum ne.

Dan_Fagge92

Kai na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na same shi yau na ce zan je kuma na gaya masa ban iya ruwa ba, dariya ya yi ya ce matarsa ma shekara da shekaru suna tafiya ba ta iya ba, zai ba ni riga da igiyar da ake maƙale mutum a jikin jirgi. Baba Malam na kira Hajiya, ta yi shiru ta ce teku kuma? Daga ƙarshe ta ce sai ta yi magana da Kawu, yanzu dai shi muke jira. Yaya Bakatsine wane irin takalmi ake sawa, ya ce min kar in zo da mai baƙin ƙasa wai yana zana masa jirgi, ni kuma duk nawa baƙaƙe ne.