Ɗinkin sakin hannu: a ƙyallen gwaji sumul, a bargon gaske sai matsala

Mai koyo, Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena masu keke. Ina neman haske a kan ɗinkin sakin hannu, wanda ake sauke haƙoran keke masu tura yadi a ƙarƙashin allura, hannu ke jan yadi ya fitar da zane. A farin ƙyallen gwaji, ganye da da'ira duk suna fita tsaf. Amma a gidajen bargon, wato ƙyallaye masu kusurwa huɗu da na haɗa da guntayen atamfa, allura na tsallake a mahaɗa, shafin baya na tattarewa, zare kuma na fitowa kamar gashin ido a kowace lanƙwasa. Gidaje 20 ne, kowanne inci 10, keken Butterfly ne mai moto. Ina gyaran yake?

Hajiya mai ɗinki, Asawase:
Wa alaikumus salam 'yata. Ba hannunki ne ya lalace ba. Ƙyallen gwaji falle ɗaya ne, ba mahaɗa, ba nauyi. A gidan bargo kuwa, inda kusurwa huɗu suka haɗu, allura na iya huda ninki takwas na atamfa, ga audugar ciki, ga shafin baya.

Fara da guga. Ki kwantar da kowace mahaɗa da tururi, inda ta yi tudu ki buɗe ta biyu. Atamfa sabuwa, ko ta kamfanin GTP ce ko ta Akosombo, tana zuwa da ƙarfi, shi ya sa ake wanke ta tun kafin a yanka. Tunda kin riga kin haɗa, kada ki wanke yanzu, bakin guntayen zai zare.

Tattarewar baya daga shimfiɗa take farawa. Shafin baya da auduga su fi saman da inci 3 ta kowane gefe. Ki shimfiɗa bayan a tebur, fuskarsa ƙasa, ki manne gefunan da salatef, ya miƙe amma kada ki ja shi kamar fatar ganga, domin in kin sake shi zai koma ya tattaro saman. Ki ɗora auduga, ki ɗora sama, ki kafa fil mai kulle kowane inci 4, faɗin tafin hannu ke nan. Bargo mai inci 40 da 50 zai ci fil wajen 130, kada ki yi rowarsu. Daga nan, da haƙora a sama, ki bi cikin layin mahaɗar gidajen da miƙaƙƙen ɗinki, daga tsakiya zuwa gefe. Shi ke ɗaure ninkin uku kafin ki saki hannu.

Mai gyaran keke, Kejetia:
Hajiya ta gama maganar shimfiɗa, ni ta keke zan yi. Tsallake yana faruwa ne idan yadi ya biyo allura sama lokacin da take fita, sai ƙugiyar ƙasa ta kasa kama zaren. Saboda haka ki duba ƙafar da kika sa. Mai zobe da sifirin ake so, wadda ke danne yadin a daidai lokacin huda. Allura kuma ki sa sabuwa, lamba 14, in mahaɗar ta yi kauri ƙwarai ki koma 16. Lamba 11 lanƙwashewa take a irin wannan tudu.

Gashin idon nan a baya, zaren sama ne aka jawo ƙasa. Dalili biyu ne: ko hannu ya fi keke gudu a lanƙwasa, ko matsin zaren sama ya yi sako-sako. Ki fara rage saurin hannu. In bai daina ba, ki ƙara matsin da rabin lamba, ki gwada, ki sake ƙarawa. Kada ki taɓa sukurun gidan bobin tukuna. Zaren sama da na ƙasa su zama kauri ɗaya. Kuma ki tabbata kin sauke sandar ƙafa kafin ki taka, don in tana sama faifan matsi a buɗe yake, zare zai dunƙule a ƙasa. Kafin ɗinkin farko ki jawo zaren bobin sama, ki riƙe duka biyun.

Mai koyo, Aboabo:
Allah ya saka da alheri Hajiya, na gode Malam. Gidaje 4 kawai na haɗa na gwada, sauran 16 suna nan a ware. In haɗa su duka ne kafin in ci gaba?

Yaya mai bargo, Tafo:
Ƙanwata, ni a ganina kada ki haɗa. Tsakanin allura da jikin Butterfly bai wuce inci 7 ba, cusa bargo duka a wannan rami wahala ce ga mai farawa, kuma duk inda ya rataya a bakin tebur nauyinsa zai fizge miki zane. Ki ɗinke kowane gida shi kaɗai da audugarsa da bayansa, ki bar rabin inci a gefe ba ɗinki, ki datse su daidai, sannan ki haɗa su da siraran ƙyalle gaba da baya.

Kafin nan ki haɗa gida ɗaya na asara daga ragowar atamfar nan, da irin audugar da irin zaren, a kansa za ki daidaita matsi, ba a farin yadi ba. Zanen ma ki zaɓi mai yawo, ki zana hanyarsa da alli yadda zai kauce wa kusurwoyi masu kauri. In dole ki hau tudu, ki rage gudu, ki juya wilin da hannu ɗinki biyu ko uku. Tsawon ɗinki ki nemi 10 zuwa 12 a inci ɗaya. Zare mai launin da ya saje da atamfar yana ɓoye rawar hannu, baƙi a kan fari kuwa komai zai nuna. Duk lokacin da za ki gyara riƙo, allura ta kasance a cikin yadi. Ki fara da gidan da zanensa ya fi cunkoso, mai filin launi ɗaya ki bar shi sai ƙarshe.