Ina za mu samu tallafi, ba bashi ba, don noman da muka gada?

Sakataren Manoma, ƙasar Gumel:

Assalamu alaikum. Ni ne nake riƙe da littafin wata ƙaramar ƙungiyar manoma a ƙauyenmu, tsakanin Gumel da Maigatari. Mu ashirin da bakwai ne, tara mata. Har yanzu muna shuka maiwa da farafara da kaura irin waɗanda iyayenmu suka bar mana, muna sarƙa wake a tsakani, bayan kaka kuma shanun Fulani su kwana a gonakinmu su bar mana taki. A gonata akwai gawo guda shida da mahaifina ya hana a taɓa, kuma geron da ke ƙarƙashinsu duk shekara ya fi na fili kai.

Duk wanda ya zo da sunan taimako, sabon iri da buhun takin zamani yake kawowa, a biya bayan girbi. Ba mu raina ba, amma buƙatarmu daban ce. Muna son rumbun iri na ƙungiya wanda gara da ɓera ba za su shiga ba, da amalanke biyu na kai taki, da ɗan abin da za a ba matasa su tsare itatuwa da rani. Bara wani ya karɓi naira dubu biyu biyu a hannunmu, wai kuɗin fom, har yau ba mu sake ganinsa ba. Don Allah akwai masu ba da tallafi na gaskiya ga irin wannan noma? Ta ina ake farawa?

Malamin Gona, Dutse:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Tallafi na gaskiya ba a sayen fom ɗinsa, wannan ka faɗa wa mutanenka tun yau.

Wanda na ga ya fi dacewa da ku shi ne shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, wato GEF, wanda UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta daɗe tana gudanarwa tun 1992. Ƙungiyoyin al'umma yake bai wa kai tsaye, kuma adana iri na gida da farfaɗo da ƙasar da ta gaji suna cikin abin da yake nema. Sai dai sai sun buɗe kira ake nema, kuma za su so ganin rajista, yawanci ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta tarayya, da asusun banki da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba. Suna kuma tambayar me ku za ku sa. Ƙarfinku da kuke yi a gayya, filin da za a gina rumbun, tubalin da za ku buga, duk ku ƙiyasta su da kuɗi ku rubuta.

Akwai kuma ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasa da noma a busassun yankuna, na Bankin Duniya, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja. Ku je ofishinsu na jiha, amma ku tambaya ƙarara: wannan kyauta ce ko kuɗin juyawa ne da za a mayar? Don suna da iri biyun.

Inna ta Maraɗi:

Ɗana, gawon nan shida da ka ambata a tsakiyar magana, su ne jarinka. Mu nan abin da ake kira sassabin zamani ba wani abu ba ne illa ka bar kututturen kalgo ko sabara ko gawo ya toho, ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi, ka sassabe sauran. Wani bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa shi a nan cikin 1983, ana dab da babbar yunwar 1984. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da suka koma kore a Nijar, kuma ba dashe aka yi ba. A Ɗan Saga, wajen Agye, kwamitin gari ne ke tsaron itacen, har da mata da makiyaya a ciki, wanda ya sara a ci shi tara.

Ni na ga furoje, wato shirye-shiryen masu taimako, sun zo sun tafi, an raba dashe dubbai, awaki suka cinye kafin damina ta biyu. Abin da ya zauna shi ne wanda mai gona ya tabbata itacen nasa ne, ba na ma'aikatan gandun daji ba. Sai 2020 gwamnati ta fitar da doka a kan haka. Ku ma ku sa mai gari da hakimi su sa hannu a takarda kafin kuɗin kowa ya shigo.

Wani Dattijo, Hadejia:

Ni tsorona ɗaya ne. Ƙungiyarmu shekara takwas muna zaune lafiya da karo-karo, ranar da kuɗin waje suka shigo muka rabu gida biyu a kan wa zai riƙe injin ban ruwa. Ku zauna tun yanzu ku rubuta wa zai riƙe makullin rumbu, mudu nawa mutum zai ara, nawa zai mayar da kaka. Kuma mutum uku su sa hannu a banki, ɗaya mace.

Sakataren Manoma, ƙasar Gumel:

Allah ya saka da alheri. Malam, rajistarmu ta ƙungiyar gama kai ce ta jiha, ba mu da ta CAC. Za mu iya shiga ƙarƙashin wata babbar ƙungiya mai rajista mu nema tare, ko lallai sai tamu? Inna, na karanta wa mutanenmu saƙonki bayan la'asar. Ashe mu da kanmu muke ƙone kututturen kalgo duk bazara da sunan sharar gona. Mutum biyar sun ce bana za su bari su gani, ni ne na shida. Maigatari zuwa iyaka ba nisa, in akwai hali muna so mu turo mutum biyu su ga Ɗan Saga da idonsu kafin shuka.