Ta yaya ƙauyen Yamaguchi na Japan ya koma wani lardi?

Mai neman sani:
Assalamu alaikum. Ina karatu a kan Magome, tsohon zangon matafiya a hanyar Nakasendo wadda ta haɗa Edo (Tokyo ta yanzu) da Kyoto, sai na ga wasu littattafai suna sa shi a lardin Nagano, wasu kuma a lardin Gifu. An ce an rushe ƙaramar hukumar Yamaguchi, wadda Magome ke ƙarƙashinta. Ta yaya ƙauye zai ɓace daga taswirar mulki har ya tsallaka iyakar lardi?

Ɗalibin tarihi:
Wa alaikumus salam. Duka littattafan suna da gaskiya, ya danganta da shekarar da aka buga su. A ranar 13 ga Fabrairu, 2005, aka shigar da Yamaguchi cikin birnin Nakatsugawa na lardin Gifu. Wannan ya faru ne a lokacin babbar haɗakar ƙananan hukumomi ta zamanin Heisei (mulkin Sarki Akihito), inda adadinsu ya sauko daga 3,232 a 1999 zuwa 1,727 a 2010. Gwamnatin tsakiya ce ta kwaɗaita musu, domin ta ba waɗanda suka haɗe damar cin bashin ayyuka wanda ita za ta ɗauki nauyin kashi 70 cikin 100 na biyansa, ta kuma yi alkawarin ba za a rage musu kason da suke samu ba har shekara 10. Ƙauyen da matasansa suka watse zuwa birane, haraji kuma ya yi ƙaranci, da wuya ya ƙi irin wannan tayi.

Malamin makaranta:
Batun kuɗi bai isa ya bayyana tsallaka iyakar ba, ɗan'uwa, don kuwa da ya haɗe da maƙwabtansa na kwarin Kiso ma zai samu wannan tallafi. Abin da ya ja shi shi ne Nakatsugawa ce kasuwar mutanen, can suke zuwa asibiti da aiki. Tsakanin Magome da Tsumago, zangon da ke bi masa ta ɓangaren Nagano, sai an hau tudu an gangara ta tsohuwar hanya mai kimanin kilomita 8. Akwai kuma tsohon tabo: a 1958 an raba ƙauyen Misaka, wanda Magome ke cikinsa a lokacin, aka ba Nakatsugawa wani ɓangare, aka manna Magome da Yamaguchi. Gwamnan Nagano na lokacin haɗakar, Yasuo Tanaka, ya ja daga, ya ƙi gabatar da ƙudurin amincewa da haɗakar, har sai da 'yan majalisar lardin suka gabatar da shi da kansu. Ba mamaki, domin a Magome aka haifi marubuci Shimazaki Toson a 1872, kuma Nagano ta daɗe tana tinƙaho da shi.

Ma'aikacin ƙaramar hukuma:
Ni abin da ya fi damuna shi ne ƙauye mai mutum wajen 2,000 ya rasa shugabansa da majalisarsa, ya zama unguwa a gefen birni, inda muryarsa ba ta da nauyi wajen rabon kasafi. Shi ya sa garin Yamatsuri na lardin Fukushima ya shelanta a 2001 cewa ba zai haɗe da kowa ba, ya gwammace ya tsuke bakin aljihu, kuma har yau yana riƙe da majalisarsa.