Igiyar ɗaga labule a ɗakin yara: wacce za a gyara, wacce za a cire?

Mai Saka Labule:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin nan. Gida ne da za a mayar wurin renon yara, daga 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Tagogi shida, kowacce faɗin santimita 120, tsayi 150, kuma daga ƙasa zuwa bakin taga santimita 90. Uku labulen naɗi ne masu sarƙar roba irin mai kama da carbi. Biyu na yadi ne masu ninkewa, waɗanda igiyoyinsu ke bi ta zobba a baya. Ɗaya kuma mai falle-falle ne na alminiyam, da igiya biyu a gefe. Mai wurin ba ta son a sauya duka saboda kuɗi. Wanne ne gyara zai wadatar, wanne ne dole a cire? In da hali a ba ni awo daidai, don in san abin da zan saya.

Injiniyan Kayan Taga:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin awo, a san inda haɗarin yake. Mutane suna kallon igiyar da ke lilo a gefe kawai, alhali wuri uku ne: igiyar ja mai tsawo da yaro zai naɗa a wuya, zagayen sarƙa da zai zura kai ciki, da igiyoyin ciki ko na baya waɗanda in an ja su suke fitowa su zama zarge. Na ukun shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Kuma abin ba ya ƙara. Igiyar tana danne jijiyoyin wuya da maƙogwaro lokaci guda, yaro ba ya iya kuka, cikin daƙiƙoƙi hankalinsa ya gushe, ko da akwai babba a ɗakin da ke kusa. Wani bincike da aka yi a Amurka kan shekarun 1990 zuwa 2015 ya ƙirga yara 'yan ƙasa da shekara shida kusan 17,000 da aka kai asibiti saboda labulen taga, da mutuwar 271.

Na fara da masu sarƙa, tunda su suka fi yawa. Sarƙar tana juya kuloci, wato ɗan gargaren da ke ƙarshen bututun da yadin ke naɗewa a jikinsa, don haka ba a yanke ta a bar ta baki biyu, labulen zai daina aiki. Ƙa'idar Turai, EN 13120, wadda aka tsaurara a 2014, ta ba da hanya biyu. Ko dai a ɗaure ƙasan sarƙar a bango da madanni, wato ɗan abin da ke riƙe ta a miƙe, ƙasanta kuma kada ya gaza santimita 150 daga daɓe. Ko kuma a sa mahaɗi mai ɓallewa, wanda zai rabu idan nauyin kilo 6 ya rataya a kansa cikin daƙiƙa biyar, a nan an yarda sarƙar ta sauko har santimita 60 daga ƙasa. Ga wurin renon yara ni dai ta farko nake zaɓa.

A tagoginka, saman taga yana kan santimita 240, labulen zai zauna wajen 250. Ke nan sarƙar kada ta sauko fiye da santimita 100. Ga wani abu da ke ba masu sakawa matsala: idan ka gajarta sarƙar ka haɗa ta da mahaɗi na yau da kullum, mahaɗin ba ya wucewa ta cikin kuloci, sai labulen ya tsaya a hanya bai kai sama ba. Nemi sarƙa zagayayya wadda aka yi ta haka daga masana'anta, babu mahaɗi. Ka tafi da tsohuwar kasuwa don a gwada, yawanci 'ya'yanta milimita 4.5 ne da tazarar 6, amma akwai masu tazarar 12, kuma ba sa hawa kuloci ɗaya.

Madannin kuma sai an kafa shi da gaske. Huda bulo rami mai faɗin milimita 6, sa fisha, wato robar da sukuru ke kamawa, sukuru biyu, tsawonsu ya wuce filasta ya shiga bulo. Kada a yarda da mai gam a baya, zafin rana yana sake shi. Sarƙar ta miƙe tsaf, gefenta biyu su matsu yadda kan yaro ba zai shiga tsakaninsu ba, amma ta riƙa juyawa ba da ƙarfi ba. Idan ta yi tauri ma'aikata za su cire madannin daga bango su bar ta tana lilo, ga kuma madannin kansa ya zama nauyi a ƙasanta. Mafi kyau shi ne madanni mai sifirin a ciki, wanda yake kulle sarƙar idan ba a kafa shi a bango ba. A Ostareliya ana buƙatar ya jure jan niyuton 70 na daƙiƙa goma, wato kusan kilo 7. Rataya jarkar ruwa mai lita 7 a jikinsa ka gani, in ya motsa a sake kafawa.

Amma in za a iya ƙara kuɗi kaɗan, cire kulocin baki ɗaya ka sa sifirin cikin bututun, a riƙa jan labulen ta sandar ƙasa da hannu. Yadin bai kai murabba'in mita biyu ba, ko mai kauri ne ba zai wuce kilo ɗaya da ɗan abu ba har da sandar, sifirin ƙarami zai ɗauka. Auna cikin bututun tukuna, akwai na milimita 28, 32 da 38, kuma tsagin cikinsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Mai falle-falle, shawarata a cire shi. Taga ɗaya ce.

Abu Kayan Gini:

Injiniya, ina ganin cirewar ta yi tsauri. Ƙugiyar bango mai kunne biyu kuɗinta kaɗan ne. A kafa ta a santimita 150 ko 160, a naɗe igiyar a kanta a gicciye duk lokacin da aka ɗaga labulen. A yanke kuma ƙullin da ya haɗa igiyoyin biyu, kowacce a sa mata tuntunta daban. Ai haka aka daɗe ana yi.

Injiniyan Kayan Taga:

Haka aka daɗe ana yi, Malam Abu, kuma shi ya sa ƙasashen da suka gwada suka wuce nan. Raba tuntu an fara shi a Amurka tun 1995, aka ga igiyoyin biyu suna harɗewa da kansu su koma zarge. Ƙugiya kuma tana aiki ne kawai in an naɗe igiyar kowane lokaci. Lissafa: idan aka ɗaga labule mai tsayin santimita 150, igiyar ja tana ƙaruwa da santimita 150. Wadda ta tsaya a daidai kafaɗa da labulen yana sauke, za ta kwanta a ƙasa da zarar an ɗaga. Mai raino da yaro a hannu ɗaya, wani na kuka a baya, sau nawa za ta tsaya naɗewa?

Sannan ƙugiya ba ta taɓa igiyar ciki. Igiyar nan tana tashi daga sandar ƙasa, ta bi ramukan fallayen, ta hau akwatin sama, ta bi makulli ta fito gefe. Idan labulen yana sauke kuma makullin bai kama ba, yaro yana sa yatsa tsakanin falle biyu ya jawo ta, igiyar gefe ta biyo baya, zarge ya fito a daidai fuskarsa. Maganin wannan shi ne tsayau, wani ɗan zoben roba da ake ɗaurawa a kowace igiyar ja. Sauke labulen har ƙasa, ka kulle, sannan ka ƙulla tsayau ɗin santimita 3 zuwa 5 a ƙarƙashin akwatin sama. In aka ja igiyar ciki sai ya tokare a bakin makulli. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaura shi labulen yana ɗage, ko a ƙasa can kusa da tuntu, inda ba ya hana komai. A ofis na manya, ƙugiya da tsayau sun wadatar. A ɗakin 'yan shekara biyu ban yarda ba. Tun Disamba 2018 ƙa'idar masana'antar Amurka ta hana sayar da labule na kanti mai doguwar igiya a waje. Kanada ta fi tsaurarawa, daga Mayu 2021 duk igiyar da hannu zai kai gare ta kada ta wuce santimita 22, zagaye kuma kada ya wuce 44. Waɗannan lambobi biyu su zan ba kowa ya riƙe, ko ina kayan suka fito. Yawancin abin da ke shigo mana kasuwa ba a tace shi da irin wannan awo ba, sai mai sakawa ya auna da kansa.

Hajiya Mai Ɗinki:

Bari in yi magana kan masu ninkewa, tunda ɗinki ne. Malam, su ne suka fi ban tsoro a cikin shidan, don daga gaba ba ka ganin komai. Yaro yana shiga bayan labule ya leƙa waje, sai kansa ya shige tsakanin igiya da yadi. A Disamba 2009 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa an janye sama da miliyan 50 na irin waɗannan tare da masu naɗewa kamar asabari, saboda haka.

In za a gyara su, aiki uku ne. Na farko tazarar zobba. Teloli suna son sa su nesa, santimita 25 ko 30, don ninkin ya yi faɗi ya yi kyau. A rage zuwa ƙasa da 20, ni 15 nake ba da shawara. Ga labule mai tsayin 160 za ka samu layi goma na zobba, a faɗin 120 kuma jeri huɗu, zobba 40 ke nan kowane labule. Na biyu, igiyar kada ta bi zobba tsirara. Akwai kirtani mai raga da ake zura igiyar a cikinsa, a ɗinke ragar a kowane zobe, ta yadda in an ja igiyar ba za ta fito fiye da tazarar zobba biyu ba. In ba a samu ba, a yanka tsiri na yadi mai laushi faɗin santimita 4, a ninka a ɗinke shi kamar zariya, a kama shi a kowane layi. Yadin ya zama marar kauri, in ba haka ba zai cunkushe labulen ya ƙi ninkewa daidai. Na uku, a ƙasan kowace igiya a sa maɓalli mai ɓallewa maimakon ƙulli.

A kula da na ukun nan. Maɓallin yana ɓallewa in labulen ya yi nauyi, musamman mai shafi biyu, ko in aka fizge shi da ƙarfi. Sai mutane su gaji su ɗaure shi da zare ko su ɗiga masa sufa gulu. Daga ranar ya tashi daga aiki, kuma ido ba zai gane ba. In yana yawan ɓallewa a ƙara jerin igiya ɗaya don nauyin ya rabu, ko a sauya sandar ƙasa da marar nauyi. Haka ma mahaɗin sarƙa da Injiniya ya ambata.

Duk wannan bai kawar da igiyar ja ta gefe ba. Idan ka haɗa kuɗin zobba, kirtani da ɗinki, sau da yawa ya fi sauƙi a warware igiyoyin da zobban duka, a bar yadin ya zama shimfiɗaɗɗe, a ɗora shi a bututu mai sifirin, in yadin ba mai kauri ba ne sosai. Ko a ɗinka masa gajerun maɗaurai biyu masu botin a sama, a riƙa naɗe shi da hannu. Maɗaurin kada ya wuce santimita 20.

Mai Saka Labule:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ke nan zan cire mai falle-falle, in mayar da sauran masu sifirin in kuɗi ya kai. Abin da ke damuna da sifirin shi ne ƙurar hunturu, ana cewa ba ya daɗewa. Kuma mai raino za ta kai hannu in labulen ya naɗe har sama?

Injiniyan Kayan Taga:

Sifirin kansa yana cikin bututu, ƙura ba ta cika kai masa ba. Abin da take kamawa shi ne 'yan haƙoran birki da ke ƙarshen, wajen fil ɗin mai faɗi. In suka cushe labulen ba ya tsayawa inda aka sake shi. Sauke shi, goge wurin da busasshen buroshi, a fesa silikon kaɗan. Kada a sa man inji ko man gyaɗa, ƙura za ta manne ta zama laka.

In ya ƙi hawa, sifirin ne ya saki. Ja shi zuwa rabi ya kama, cire shi daga ƙafafun da ke riƙe shi a bango, naɗe yadin da hannu har ƙarshe, mayar. In yana fizgewa sama da ƙarfi, akasin haka za ka yi: cire shi yana naɗe, warware rabi da hannu, mayar. Sau biyu ko uku ana samun daidai. A tabbatar bututun ya kwanta daidai da ma'aunin ruwa, in ya karkata yadin zai riƙa gudu gefe ɗaya yana cin bakinsa.

Batun kai hannu, sababbin suna da saiti a ƙarshen bututu da ke tsayar da labulen inda kake so, sa shi ya tsaya wajen santimita 190. In babu saitin, a sa zobe a tsakiyar sandar ƙasa, a ajiye sanda mai ƙugiya a rataye a sama. Kada a ɗaura masa igiya don a samu abin ja, wannan shi ne abin da ake yawan yi bayan mai sakawa ya tafi, gara ka faɗa wa mai wurin tun yanzu. Akwai kuma mai mota da batir a cikin bututu, ana caji da wayar USB, amma wayar cajin ita ma igiya ce, a yi cajin bayan yara sun tashi a cire ta.

Duk tagar da aka bar wa sarƙa, santimita 150 ɗin nan daga daɓe ake ƙirga shi, amma ba ya kare yaron da ya samu abin hawa. Bakin tagarka yana kan 90, akwai kuma ƙarfen tsaro da zai kama ya hau. Gadon jarirai, benci da akwatin kayan wasa a kai su bangon da babu taga, madannin kuma a kafa shi a gefen bango nesa da ƙarfen, ba cikin ramin tagar ba.